Khamisu Lissafi da Guzurin Zanzibar

A kasuwar Asihar ta Tamanrasset, kudancin Aljeriya, in ka shiga layin masu kayan shayi ka tambayi Khamisu, sai a ce maka wanne, don su uku ne. In ka ce Lissafi, kowa zai nuna maka shago mai koren ƙyaure, inda butocin shayi ke rataye a jere, ƙanana gaba, manya baya. Mai shagon mutumin Tasawa ne, shekararsa arba'in da huɗu, siriri, mai saurin tafiya kamar ana jiransa a wani wuri. Ganyen shayi yake sayarwa, da sukari, da kofuna, da faranti, da murhun waya. Sunan Lissafi kuwa tun yana leburan gini ya samo shi, lokacin da su takwas ke kwana ɗaki ɗaya a unguwar Tahaggart. Shi ke riƙe kuɗin tukunya, kuma ko ashana aka kunna sai ya san ta nawa ce a kwalin.

Shagon da ke manne da nasa na Idrisa ne, mai sayar da wayoyi. Garinsu ɗaya. Bayan kamiyo ɗaya, babbar motar kaya, suka hau daga Arlit shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, ubangida ɗaya suka yi wa dakon siminti, bargo ɗaya suka rufa a sanyinsu na farko. Duk kasuwa ta san aminai ne, kuma gaskiya ne. Abin da kasuwa ba ta cika lura da shi ba shi ne, tun ranar da suka sauka daga kamiyon nan Idrisa ke gaba da taki ɗaya. Shi ya fara barin gini. Shi ya fara kama shago, ya fara aure, ya fara sayen firji, ya fara hawa mota tasa. Khamisu kuma yana biye, duk abin da Idrisa ya yi sai ya yi, amma da araha. Firjinsa ya gaza na Idrisa kuɗi da kashi ɗaya cikin uku. Motarsa tsohuwa ce, sai an tura ta da safe in ana sanyi, amma rabin kuɗi. Da wannan yake lallashin zuciyarsa: Idi ya riga ni, amma an cuce shi, ni ba a cuce ni ba.

To, a watan Janairu, sanyin duwatsun Hoggar na fasa leɓe, Idrisa ya kawo masa makullin shago, kamar yadda aka saba in maƙwabci zai yi tafiya. Khamisu ya ɗauka gida za shi, ko Aljer, babban birnin ƙasar, sarin kaya. Sai Idrisa ya ce a'a, hutu za su shi da matarsa Jannatu, mako guda, wani tsibiri wai shi Zanzibar. Khamisu ya tambayi abin da ake sarowa a can. Idrisa ya ce ba komai, zama kawai ake yi a bakin teku. Khamisu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya karɓi makulli.

Dariyar ba ta kai wata ba. Idrisa ya dawo ya ƙara ƙiba, da tsarabar kanumfari da kirfa ƙulli-ƙulli, kowane shago a layin ya samu. Ga kuma hotuna a waya. Ruwa shuɗi kamar an zuba baba, rairayi fari fat, itatuwan kwakwa sun sunkuya, Idrisa da Jannatu a tsaye suna murmushi, ƙafafunsu cikin ruwa.

Kullum bayan la'asar ƴan layin kan zauna majalisar shayi a ƙofar Alhaji Mahamane mai barguna, wanda shi ne dattijon layi. A da, in magana ta zo kan canji, ko kuɗin dowan, wato kwastan, ko nawa buhu zai kama a Agadas, Khamisu ake juyowa a kalla. Yanzu kuwa sai Alhaji ya miƙa wa Idrisa kofin farko ya ce ya ƙara ba su labarin kifin nan mai hannuwa takwas. Mako biyu ana abu ɗaya. Khamisu ya ƙirga, sau goma sha ɗaya aka ba da labarin kifin, kuma kowane karo kifin ƙara girma yake.

Na gida ya fi ciwo. Matarsa Laure, ƴar Agadas, mai haɗa turaren wuta da humra tana sayar wa matan unguwa, ta je yi wa Jannatu barka da dawowa. Ta komo da zane mai rubutu a gefe. Ba ta ce a kai ta ko'ina ba. Cewa kawai ta yi, wai Jannatu ta ce ruwan tekun ɗumi ne da shi kamar an ɗora na wanka, sannan ta ninke zanen a hankali ta sa a ƙasan akwati. Da ta yi ƙorafi da ya san amsar da zai ba ta. Ninkin zanen nan ne ya hana shi jin daɗin tuwo ranar.

Ranar da abin ya fashe, Alhaji Mahamane ne ya tambayi Idrisa nawa tafiyar ta ci gaba ɗaya. Idrisa ya ce miliyan ɗari da ashirin. A lissafin kasuwar Aljeriya miliyan ɗaya dinari dubu goma ne, amma duk da haka kuɗi ne masu nauyi.

"An cuce ka, Idi," in ji Khamisu.

Idrisa ya yi murmushi ya ce, "Na san za ka faɗa, Lissafi. Kai ko ruwan Zamzam aka ba ka sai ka tambayi nawa lita."

"Da rabin wannan zan je ni da Laure. Mako guda cur, tsibirin nan dai, har da tsaraba. Miliyan sittin."

Alhaji ya ajiye buta ya ce in ya wuce sittin fa? Khamisu, da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi, ya ce in ya wuce da ko dinari ɗaya, ganye da sukarin majalisa na wata uku a kansa. Mutum tara suka shaida. Wata uku na shayin mutum tara ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi ne abin tsoro ba. Sunan ne. Shekara ashirin ba a taɓa kama lissafinsa da kuskure ba, kuma wannan ne kaɗai abin da yake da shi wanda Idrisa bai riga shi samu ba.

Washegari ya bar shago a hannun Idrisa na awa biyu ya tafi buron masu sayar da tikitin jirgi. Ya sa yaron buron ya duba masa farashi wata-wata, yana tsaye a kansa. Da aka zo Afrilu, bayan ƙaramar salla, sai kuɗin suka faɗi warwas, ɗakunan kwana ma haka. Ya tambayi dalili. Ma'aikacin ya ce lokacin damina ne a can, ruwa kullum, masu yawon buɗe ido ba sa zuwa.

Nan Khamisu ya ji kamar an yi masa kyauta. Shi da ya tashi a gona, wanda tun yana yaro ake fita da su bayan gari roƙon ruwa, yau a ce masa an rage kuɗi don ana ruwan sama? Ya fito daga buron yana girgiza kai, yana mamakin wautar Turawa. Ruwan Tamanrasset in ya ga dama ya zo sau biyu a shekara, ya cika kwari da gudu, kafin ka ɗauko bokiti ya wuce. Ga wurin da ake yinsa kullum, kuma har a rage maka kuɗi.

Ga yadda ya yanka sittin ɗin. Tikitin jirgi daga Aljer, su biyu, zuwa da dawowa, mai tsayawa awa tara a hanya don ya fi araha: arba'in. Daga Tamanrasset zuwa Aljer Idrisa jirgi ya hau, shi kuwa bas, biyu da rabi. Biza da takardun shiga, biyar, kuma sai da ya yi wata biyu yana jiran su fito. Ɗaki a gidan wata mata a ƙauyen bakin teku, ba otel ba, kwana bakwai, shida. Motar haya a tsibirin, ɗaya da rabi. Tsaraba, uku da rabi. Saura ɗaya da rabi, kuma nan ne yake ganin ya yi wa Idrisa fintinkau. Idrisa ya ce abinci kaɗai ya ci masa miliyan goma sha huɗu. Khamisu ya ce shi ba zai sayi ko loma a can ba. Guzuri zai yi, irin na mutanen hamada.

Ya sayi kilishi kilo uku a wurin wani Bagobiri da ke bayan tasha. Dabino busasshe kilo biyar. Cuku, wanda wani Buzu ke kawowa daga Silet. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, burodi da aka yanka aka shanya ya bushe ƙayau. Ganye da sukari daga shagonsa, su ma ya sa su a lissafi a kan kuɗin sari. Ya auna jakar a kan sikelin shago har sau uku don kada ta wuce nauyin da jirgi ya yarda. Kuɗin kuwa, arba'in kwasar adashin kasuwa ce da ta faɗo kansa, ashirin daga abin da yake tarawa don sabbin kantoci.

Laure ta tambaye shi ko kayan za su kai. Ya nuna mata saman kwaba, inda wani guntun kilishi ya yi wata biyar a takarda ba abin da ya same shi. Gaskiya ya faɗa. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a garin da in ka manta burodi a tebur bushewa yake, ba ruɓewa ba, garin da ake shanya wanki a cire kafin a gama shan shayi. Ita kuma a Agadas ta girma. Ba wanda ya ga abin tambaya a cikinsu.

Suka kai ƴaƴansu biyu, Sauda da Amadu, gidan Jannatu. Khamisu ya ba Idrisa makullin shago, ya nanata masa farashin kowace buta, ya ce kada a ba kowa bashi. Bas ya kwana ya wuni da su kafin Aljer. Jirgi ya ɗauke su, ya ajiye su a wani filin jirgi suka yi zaman awa tara a kan benci, suna cin dabino suna kallon masu sayen ruwan kwalba da tsada. Khamisu yana ta murna a ransa. Ko sisi bai fita ba.

Cikin ruwa suka sauka. Da aka buɗe ƙofar jirgi wata iska mai ɗumi da nauyi ta rufe su kamar an jefa musu jiƙaƙƙen bargo. Duk inda ido ya kai kore ne, kore iri-iri, har Laure ta ce idonta ya gaji. Mai gidan da suka sauka, wata dattijuwa Zaituna, ta tarbe su da sallama, aka gaisa da guntun Larabci da nuni da hannu. Khamisu ko jaka bai buɗe ba, ya naɗe ƙafar wando ya fita tsakar gida ya tsaya cikin ruwa, ya ɗaga fuska sama. Laure na daga baranda tana ɗaukarsa a waya tana dariya. Ya ce ta daina ɓata batir, ba wannan hoton suka zo nema ba.

Hoton da ya zo nema shi ne irin na Idrisa: shuɗin ruwa, farin rairayi, shi da matarsa a tsaye. Ba tare da shi ba, wa zai yarda wuri ɗaya suka je? Amma tekun da ya tarar toka-toka ce, ta haɗe da sama ba ka gane iyaka, ga ciyawar ruwa ta taru a gaɓa tana wari. Ya ce gobe rana za ta fito. Gobe ta zo da ruwan da ya fi na jiya. Kowace safiya bayan salla sai ya leƙa sama, ya ciro hoton Idrisa a waya ya kwatanta da abin da ke gabansa. Ko teku ma sai da ta yi wa Idi ado, shi kuma ta tarbe shi da kayan aiki.

Rana ta uku da hantsi Laure ta buɗe jakar guzuri don su karya, sai ta ja da baya. Kilishin ya yi funfuna, fari da kore, kamar an shimfiɗa masa auduga. Burodin da ya bushe ƙayau ya koma laushi, da ɗigo-ɗigo baƙi. Garin rogo ya dunƙule yana tsami. Cuku ya yi gumi, warinsa ya cika ɗaki. Dabino da sukari kuwa kiyashi sun yi musu layi tun daga taga. Rigunan da suka wanke ranar da suka iso har lokacin suna ɗiga a igiya.

Khamisu ya zauna a ƙasa ya jera kayan a gabansa. Ya ɗauko wuƙa ya kankare kilishi, ya ce sama-sama ne, ciki lafiya lau. Laure ta ce ita ba ta bar ƴaƴa biyu a gidan mutane don ta zo ta mutu a kan kilo uku ba. Shi ya ci, don ya nuna mata. Wunin ranar tsakanin ɗaki da bayan gida ya yi shi, sai da Zaituna ta aika aka sayo masa magani.

Ba yadda za a yi, dole a sayi abinci. Yawancin masu dafawa a bakin tekun sun rufe sai bayan damina, wanda ya rage kusa da wani babban otel ne, Khamisu ya duba farashinsa sau ɗaya ya juyo. A ƙarshe da Zaituna aka shirya, da yatsu aka yi cinikin: sau biyu a rana, shinkafa da ruwan kwakwa, da kifi, wani lokaci ayaba dafaffiya. Ya buga a waya, kwana biyar miliyan uku. Magani da lema da sabulu, rabi. Uku da rabi daidai, kuɗin tsaraba ke nan, ba saura. Abin da ya ƙara ba shi haushi, shinkafar akwai daɗi. Laure har ƙari take nema, ta kuma shiga madafa ta koyi yadda ake matse kwakwar, ita da Zaituna suna ta hira ba mai jin yaren wani.

Ya sake bugawa ya ga har yanzu sittin ne, bai wuce ba. Sai dai a koma hannu wofi. Ya fara tsara abin da zai ce a majalisa, cewa tsaraba ɓarnar kuɗi ce, kanumfari akwai shi a Asihar. Shi kansa bai yarda da maganar ba, don ya ce har da tsaraba, a gaban mutum tara.

Ana gobe za su tafi, Laure ta warware ɗinkin da ke cikin lalitarta ta ciro takardar yuro ɗari. Kuɗin turarenta ne na wata huɗu. Ya kalli takardar, kansa ya riga ya canza ta: miliyan biyu da rabi.

"Mayar da ita," in ji shi.

"Baban Sauda, kwana goma sha uku Jannatu za ta yi tana ciyar mini da yara. In shiga gidanta in ce me? In ce mun gode, ga labari?"

"In kika kashe ta mun wuce sittin."

"Kai ka yi alkawarin sittin. Ni ban zauna a majalisarku ba. Kuɗina ne, ba su shiga lissafinka."

Da safe, a hanyar filin jirgi, ta sa direba ya tsaya a kasuwar birni. Ta sayi kanumfari, kirfa, da zannuwa shida, ta yi ciniki kamar a Asihar, ba ta bar ko canji ba. Khamisu na tsaye da lema yana kallon wani gefe. Rana ba ta fito ba har jirgi ya tashi.

Duk tsawon hanyar bas daga Aljer, duwatsu da rairayi na wucewa ta taga, magana ɗaya yake juyawa. Kuɗinta ne. Daga aljihunsa sittin suka fita, ko dinari bai ƙaru ba. In ya ce sittin bai yi ƙarya ba. Ya faɗa wa kansa haka a Gardaya, ya sake faɗa a In Salah, kafin su shigo Tamanrasset ya kusa yarda.

Laure ta raba tsaraba tun da safe, kowane gida da kowane shago. Bayan la'asar majalisa ta cika fiye da kullum, har masu takalma na layin baya sun zo. Alhaji Mahamane ya jefa kanumfari biyu a buta, ya yi kumfa, ya zuba, sannan ya dubi Khamisu ya ce to, Lissafi, nawa?

Khamisu ya buɗe baki, sittin na kan harshensa, sai Idrisa ya riga shi. Ya ce a yi adalci, shi ya ji daga gida cewa guzuri ya lalace, kuma Laure ce ta sayi tsaraba da kuɗin turarenta. Kuɗin mace ba ya cikin lissafin miji, saboda haka ɗan'uwansa ya cika alkawari, a bar maganar haka. Ya faɗa da murmushi, yana dafa kafaɗar Khamisu, irin murmushin wanda ke da yawa har yana iya yafewa.

Hannun nan a kafaɗarsa ya fi funfunar kilishi ciwo. Ashe ko cin nasarar ma sai Idi ya riga shi, ya miƙo masa ita kamar sadaka. In ya karɓa, daga yau duk wanda ya kira shi Lissafi ya san Idrisa ne ya bar masa sunan. Ya zame kafaɗarsa.

"Sittin da biyu da rabi," in ji shi. "Na ce ni da Laure, na ce har da tsaraba. Kuɗin da ya fita daga gidana ya fita. Ganye da sukari daga gobe, Alhaji, wata uku. Amma kofi uku-uku ne, ba huɗu ba."

Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce a kawo kilishin su gani ko ya yi gemu. Wani ya ce Lissafi ya ƙirga komai ya manta da sama. Alhaji ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa ganin wanda aka buɗe wa ƙofa ya ce shi ta katanga zai fita ba. Khamisu ya shanye shayinsa, ya ji ɗacin ya yi masa daidai.

Sai aka ce a ga hotuna. Nan ya so ƙasa ta tsage. Ya ce ba a samu rana ba. Aka matsa, ya ciro waya, ba abin nunawa sai bidiyon da Laure ta ɗauka daga baranda ranar farko. Ya miƙa wa Alhaji yana kallon ƙasa.

Ƙarar ce ta fara fita, ruwa na dukan kwanon rufi, ga kwaɗi na kuka ta ko'ina. A hoton, ruwa na zuba daga indararo kamar igiya, ganyen ayaba na rawa, tsakar gida ta zama tafki, ga Khamisu a tsaye da naɗaɗɗen wando, fuska a sama, baki buɗe. Dariyar ta mutu. Mutanen da ke zaune a wurin, na Tasawa da na Mirriya da na Madarunfa, duk manoma ne kafin su zama ƴan kasuwa, wasu sun shekara shida ba su ga damina a gida ba, don lokacin ne ba a barin shago. Suka matso suka haɗa kai a kan waya. Alhaji ya ce a maimaita. Mai takalma ɗaya ya ce wallahi har ƙanshin ƙasa ya ji. Wani ya fara ba da labarin shekarar da ruwa ya cinye musu rumbu, yana faɗa kamar labarin biki.

Idrisa ne ya karɓi wayar a ƙarshe. Ya kalla sau uku, bai yi murmushi ba.

"Kullum haka?"

"Kwana bakwai," in ji Khamisu. "Ko awa ɗaya rana ba ta fito ba."

"Ni ko ɗigo ban gani ba. Miliyan ɗari da ashirin, na je na zauna a rana. Ranar da ke nan kyauta." Ya miƙo wayar kamar ba ya son saki. "Turo mini shi, Lissafi."

Khamisu ya san wannan kallon. Shekara ashirin da ɗaya yana jin sa a fuskarsa, bai taɓa ganin sa a ta Idi ba sai yau. Ya sa wayar a aljihu a hankali, ya ce yau layin waya ba kyau, sai gobe in Allah ya kai mu. Kofi na biyu da aka zuba masa, bai taɓa shan shayi mai daɗinsa ba.

Daɗin ya kai har kofi na uku. Da aka tashi, Idrisa ya kira shi gefe ya ba shi makulli da kuɗin ciniki a cikin leda. Khamisu ya buɗe shago ya zauna ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Cinikin kwana goma sha uku ya fi abin da shi yake yi a kwana ashirin. Ya leƙo ya tambayi yadda aka yi. Idrisa, yana rufe nasa shagon, ya ce ba wani abu, butocin kawai ya fitar ya rataye a waje inda masu wucewa za su gani, kuma duk wanda ya sayi babba ya ƙara masa kofi ɗaya kyauta.

Khamisu ya fito ya duba. Ga ƙusoshi bakwai sababbi a jikin ƙyaurensa, ba da izininsa ba. Ya tsaya yana kallonsu: ko a shagonsa ma Idi ya riga shi. Ya ɗauko filaya zai cire su, ya riƙe ta farko, sannan ya fasa. Washegari tun kafin Idrisa ya iso ya rataye butoci bakwai a waje, ya ƙara ƙusa biyu nasa. Kofin kyauta ne dai bai yarda da shi ba tukuna, yana nan yana buga ko ƙaramin cokali zai yi aikin, don cokalin rabin kuɗin kofi ne.